Ajin kimiyya na ranar Asabar a Gyaɗi-Gyaɗi: darasin harshen wuta ya cancanci kuɗinsa

Cibiyoyin karatun ƙarshen mako sun yawaita a Kano, amma akasarinsu haddar amsoshin jarrabawa kawai suke ɗora wa yara. Wannan da ke Gyaɗi-Gyaɗi, inda na sa ɗiyata, ta fita daban, kuma darasin da na zauna na gani a kan yadda wuta ke ci idan babu nauyi shi ne hujjata.

Malamin ya fara da fitilar ƙwai, ya nuna wa yaran hujojin da ke gindinta. Ya ce iskar da wuta ta ɗumama ba ta kai mai sanyi nauyi ba, don haka sai ta yi sama, sabuwa ta shigo ta ƙasa ɗauke da oksijin, kuma wannan zirga-zirgar ce ke miƙar da harshen wuta ya yi tsini. Daga nan ya kafa guntun kyandir a cikin gorar roba mai haske, ya kunna, ya rufe, ya ɗaure waya a jikinta tana ɗaukar bidiyo, sannan ya sake ta daga saman bene zuwa kan katifa. Faɗuwar mita 5 daƙiƙa ɗaya ce kacal, amma da aka rage gudun bidiyon, kowa ya ga tsinin ya ɓace, harshen ya dunƙule, hasken ya dusashe, domin gora da iskar cikinta suna faɗuwa tare, babu abin da zai ɗaga mai zafin sama.

Abin da ya fi burge ni shi ne lokacin da wani yaro ya ce, "Malam, ai a sama ƙasa ba ta jan komai." Malamin bai bar maganar ta wuce ba. Ya bayyana cewa a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, mai nisan kimanin kilomita 400, jan ƙasa ya kai kusan kashi 90 cikin 100 na wanda muke ji a nan. Tashar da mutanen cikinta faɗuwa suke yi ba tsayawa yayin da suke kewaya duniya, kamar gorar nan, shi ya sa ba a jin nauyi a cikinta. A can wutar kyandir kewayayya ce, shuɗiya, ba ta kai ta nan duniya zafi ba, saboda oksijin a hankali yake isa gare ta, kuma ba ta tara ƙwayoyin kunkunniyar da ke ba wuta launin rawaya. Ya nuna hoton ramin hukumar binciken sararin samaniya ta NASA da ke Cleveland a Amurka, inda ake sakin kayan gwaji tsawon mita 132 don samun daƙiƙa 5 na rashin nauyi, ya kuma ambaci gobarar Mir, tashar sararin samaniyar Rasha, a 1997 don yara su gane cewa binciken yadda wuta ke ci idan babu nauyi na tsare rayukan 'yan sama jannati ne.

Ƙorafina biyu ne. Ɗakin ya yi wa yaran kaɗan, har na baya suka riƙa leƙe a kan allon waya guda. Na biyun ya fi damuna: ana wasa da wuta a gaban yara, amma ban ga tukunyar kashe gobara ko bokitin yashi ba, kuma na faɗa wa shugabar wurin haka. Ina ba iyayen ɗaliban ƙaramar sakandare shawarar su kai 'ya'yansu, amma su tambaya ko an tanadi waɗannan kayan kafin su biya kuɗin rajista.