Taron Neman Makoma ko Buɗaɗɗen Fili: Wanne Ya Dace da Ƙungiyarmu?

Malam, ka tambaya wace hanya ya kamata ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa a nan Kaduna ta bi wajen tsara shekaru biyar masu zuwa, ganin cewa dattawa da matasa sun ja daga a kan batun karɓar kuɗi ta waya da sauya shugabanci. Hanyoyi biyun da ka ambata duka daga Amurka suka fito, amma ba ciwo ɗaya suke magani ba.

Taron neman makoma, wanda Marvin Weisbord da Sandra Janoff suka tsara, yana tara mutum 60 zuwa 80 na kimanin awa 16 a cikin kwana uku. Sharaɗinsa shi ne duk wanda abin ya shafa ya shigo ɗakin: a wajenmu ke nan har da 'yan dako, dillalai, mata masu rumfuna da yaran shago. Ana manna dogayen takardu a bango, kowa ya ɗauki alƙalami ya rubuta abin da ya faru a rayuwarsa, a ƙungiya da kuma a duniya, sannan a duba halin da ake ciki, kafin a zo ga makomar da ake so. Abin da aka kasa yarda a kansa ana rubuta shi a gefe ba tare da an tsaya musu ba, a gina aiki a kan abin da kowa ya amince da shi. Wannan ne ƙarfinsa, domin mai rumfar da ya ga tarihinsa kusa da na yaron shagonsa a bango ɗaya yakan sassauta.

Buɗaɗɗen fili kuwa, wanda Harrison Owen ya fara a 1985, ba shi da ajanda. Ana zama a da'ira, mai magana ya rubuta batunsa ya kafa a bango, kuma dokar taron ta ba kowa damar tashi ya koma wani rukuni idan ba ya ƙaruwa ko amfanar da wasu. Ana iya gama shi a yini ɗaya, ga sauƙin kuɗi.

Sai dai wannan dokar ce matsalarsa a wurinmu. Wane matashi ne zai miƙe ya fita alhali Alhajin da ya ba shi jari yana tsakiyar magana? Kunya za ta zaunar da shi, taron ya koma irin wanda muka saba, manya na faɗi yara na gyaɗa kai.

Saboda haka ina ganin mu fara da neman makoma, ko da rufe rumfa na kwana uku zai yi mana nauyi, mu kuma ɗauko mai jagorancin taro daga wajen ƙungiya wanda ba ya ɓangaren kowa. Buɗaɗɗen fili ya jira sai alƙibla ta tsaya, lokacin da kwamitoci za su raba aiki.