Sandar fatsa ta Ugly Stik GX2 a ƙananan tafkunan fak na Amurka, ra'ayina

Masu tambayata wace sanda za su saya don kamun kifi a irin tafkunan nan na cikin gari, waɗanda ake zagaye su da hanyar masu motsa jiki da benci da wurin wasan yara, to amsata dai ita ce Ugly Stik GX2, mai tsawon ƙafa 6, wadda ake rabawa biyu. Ita da kekenta na naɗe zare a haɗe ake sayar da su kuma ba su kai dala 100 ba, kuma gaskiya don tafkin fak ba ka bukatar abin da ya wuce haka.

Sandar ta kamfanin Shakespeare ce, tun 1976 suke yin Ugly Stik, kuma abin da ya sa ta yi suna shi ne taurin kai. An haɗa graphite da fiberglass a jikinta, bakinta na sama kuma garau yake kamar gilashi, yana lanƙwasa sosai ba ya karyewa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a fak fa, don wurin ba naka ba ne kai kaɗai, yaro zai zo a guje ya taka ta, kare zai ja ta, kai kanka za ka cusa ta a but ɗin mota tare da kayan cefane ka rufe, ko ka wurga zare ya maƙale a reshen bishiya ka yi ta fizga, duk tana ɗauka. Zobunan da zare ke bi ta ciki ma ƙarfe ne guda ɗaya, babu ɗan abin nan da ake sakawa a tsakiya wanda yake faɗuwa a wasu sandunan ya bar ka da zobe mai cin zare.

Inda nake so a fahimce ni shi ne kifin da ke cikin waɗannan tafkuna. Yawanci bluegill ne da danginsa, su crappie da sauran waɗanda Amurkawa ke tarawa su kira panfish saboda girmansu daidai kaskon suya ne, faffaɗa kamar karfasa, sai kuma largemouth bass wanda shi ne mai gidan, yana laɓe a gindin ciyawa ko ƙarƙashin gadar katako yana jiran ƙananan su gifta. Mutane suna jin labarin bass ɗin da George Perry ya kama a jihar Jojiya a 1932, mai nauyin fam 22 da oza 4, sai su je su sayo sanda kamar tabarya da zare mai kauri, su zo tafkin da bass ɗinsa fam 1 ne ko 2, su wuni ba ko motsi. Kifin fak ya ga ƙugiya ya gaji, kullum ana jefa masa abu, an kama shi an sake shi ba sau ɗaya ba, ya yi wayo wallahi. Zare mai kauri yana ganinsa sai ya juya.

Ni zaren fam 6, wato siriri mai iya ɗaukar nauyin fam 6, na ɗaura mata kuma da shi nake yin duka biyun. Don bluegill, ƙugiya ƙarama lamba 8 ko 10 mai dogon wuya, don bakinsa ɗan mitsitsi ne kuma yana haɗiye abu da sauri, dogon wuyan ne zai sa ka cire ba tare da ka ji masa ciwo ba. Ka gutsuri tana kaɗan, ba duka ba, ka sa ɗan ƙwallon nan mai yawo a saman ruwa, mafi ƙanƙanta da za ka samu. Idan ruwa ya yi ɗumi ya kai wajen digiri 21 na Celsius, ƙarshen bazararsu ke nan zuwa farkon zafi, za ka gan su a bakin gaɓa sun yi ramuka zagaye zagaye a yashi, jere kusa da juna, kowane namiji yana gadin nasa, ƙirjinsa ya yi ruwan lemo. A lokacin nan in ka jefa sai ka ga ƙwallon ya yi rawa sau biyu ya tafi gefe a hankali sannan ya nutse, kai kuma sai ka ɗan ɗaga sanda kawai, ba fizga ba. Bakin GX2 mai laushi yana taimakawa a nan sosai, ba ya yaga bakin kifi, musamman crappie da leɓensa kamar takarda yake.

Bass kuma tsutsar roba nake ba shi, irin Senko, a soke ta a tsakiya bakinta biyu suna lilo, ba dalmar da ake maƙala wa zare don ya nutse ba komai, a jefa kusa da ciyawa a bar ta ta nutse da kanta. Da sassafe ko dab da magariba. A nan ne za ka ga iyakar sandar, kuma ba zan ɓoye ba. Saboda fiberglass ɗin tana da ɗan nauyi, kuma ba ta kai sandar graphite zalla jin motsi ba, bass yakan ɗauki tsutsar a hankali hannunka bai ji komai ba, sai dai ka zuba wa zare ido, in ka ga ya yi ɗan tsalle ko ya fara tafiya gefe to shi ne. Wanda ya saba da sanduna masu tsada zai lura da wannan nan take. Kuma in bluegill kaɗai za ka bi, gara ka ɗauki samfurinta mafi laushi, wanda suke kira ultralight, za ka fi jin daɗin kokawar. Keken kuwa na talaka ne, yana aikinsa, ka riƙa goge shi kana ɗiga masa mai, kar ka ajiye shi a yashi.

Abu ɗaya da mai shago ba lallai ya tuna maka ba, lasisi. Kasancewar tafkin a cikin fak yake bai sa ya zama kyauta ba, yawancin jihohi daga shekara 16 suna bukatar lasisi, kowace jiha kuma da dokarta kan girma da adadin da za ka tafi da shi gida, wasu tafkunan ma kama ka saki ne kawai. Akwai jihohi irin su New Hampshire da Maine da suka hana ƙananan dalma saboda tsuntsayen ruwa suna haɗiyewa su mutu. Ka karanta allon da ke bakin tafkin, in an rubuta gargaɗi kan cin kifin wurin ka ɗauke shi da gaske, don ruwan titi a can yake ƙarewa.

Kuma don Allah ɗan'uwa, guntun zaren da ka yanke ka sa shi a aljihu. Na sha ganin agwagwa tana ɗingishi zare ya naɗe mata ƙafa ya ci nama, abin yana ɓata min rai matuƙa, kuma irin wannan ne yake sa masu kula da fak su kafa allon hana kamun kifi gaba ɗaya. Manyan bass ɗin ma ka riƙa mayar da su, tafkin ƙarami ne, 'yan kaɗan ne a ciki, kuma su ne suke rage yawan bluegill har sauran su samu abincin da za su girma.