Filasma mai inci 50 ta hannu: hoto kam babu magana, amma a tambayi mitar gidanmu

Jama'a masu tambayata ko su sayi talbijin filasma ta hannu tunda yanzu ta yi araha, ga amsata tun kafin na yi nisa: in kana da wuta tsayayya a unguwarku kuma yawancin kallonka na dare ne, saya kawai, za ka ji daɗinta. In kuwa sola gare ka, ko ɗan ƙaramin janareta, ko gidan kallon ƙwallo kake son buɗewa, to wallahi ka rufa wa kanka asiri ka nemi LED. Sauran bayanin da zan yi duk dalili ne.

Tawa mai inci 50 ce, cikin kayan kwatano na tsince ta a Sabon Gari, ta daɗe a falona yanzu har yara sun saba da ita. Kuma filasma nake nufi ta asali fa, don a kasuwa duk talbijin ɗin da aka ga falle ce za a iya maƙala ta a bango sai a ce maka filasma, alhali galibinsu LCD ne ko LED. Ta asalin ba ta ɓoyuwa, gilashi ne mai tauri a gabanta, ka ƙwanƙwasa da farce ka ji ƙaf ƙaf, in ka danna hoton ba ya lotsawa, sannan nauyi, tawa ta doshi kilo 30, mutum ɗaya ba ya ɗaukarta sai dai in yana neman ciwon baya. A lambar samfurin da ke bayanta ma yawanci za ka ga harafin P, irin su PS ko PN na Samsung, ko TX-P na Panasonic.

Hoton dai, gaskiya ban da abin cewa. In dare ya yi aka kashe ƙwan falo aka saka fim, baƙi yana fitowa baƙi ne sosai ba wannan toka-tokan da ake gani a LCD masu araha ba, fatar mutum tana fitowa kalar fatar mutum, ba a ƙara mata ja ba a ƙara mata shuɗi. Ƙwallo kuwa nan ne ma ta fi burge ni, ɗan wasa ya zabura da gudu kamara na binsa amma ciyawa ba ta dagulewa, lambar rigarsa kana karantawa tsaf. Wani abin kuma da gidan yawa zai yaba: duk inda ka zauna hoto ɗaya ne. Uwargida tana can gefe a kan kujera, yara suna ƙasa a kan dadduma kusa da bango, ni ina tsakiya, ba wanda ke cewa a ɗan juyo masa ita don kala ta kwashe.

Ni mutum ne mai son sanin dalilin abu, shi ya sa na bi diddigin yadda take aiki, kuma abin mamaki kyawunta da matsalolinta duk daga wuri ɗaya suka fito. Fuskar filasma gilashi biyu ne aka haɗa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai milimita ɗaya ba ma, a cikin wannan 'yar tazarar aka yanka ƙananan ɗakuna miliyoyi aka zuƙe iskar ciki aka ɗura musu cakuɗen iskar gas, galibi neyon da zenon. Kowane ɗaki an shafe cikinsa da wata hoda da ake kira fosfo, wani ja wani kore wani shuɗi, ukun nan in sun haɗu su ne ɗigo ɗaya na hoto, wato fiksel. Mai cikakken HD tana da fiksel 1920 a kwance 1080 a tsaye, in ka ninka ka sake ninkawa sau 3 za ka samu ɗakuna sama da miliyan 6, kowanne da tasa wutar.

Su kuma siraran layukan lantarki suna ratsa gilasan, na gaba a kwance kuma an yi su da sinadarin da haske ke wucewa ta cikinsa shi ya sa ba ka ganinsu, na baya a tsaye. Inda na kwance ya gitta na tsaye nan ɗaki yake. In talbijin tana son wani ɗaki ya kama sai ta tura masa lantarki mai ƙarfi, wajen bolt 200 ake magana, gas ɗin ya ɓalle ya zama mai ɗaukar wuta, wannan yanayin ne ake kira filasma, zenon ɗin ya fitar da hasken ultrabayolet wanda ido ba ya gani, hasken ya daki hodar fosfo, ita kuma ta haskaka da kalarta. Duk wanda ya san dogon ƙwan lantarkin nan na da mai ƙyaftawa kafin ya kama, to ya san aikin, shi ne dai aka ƙanƙanta shi aka jera miliyoyi a kan allo ɗaya.

Nan ne bambancinta da LCD yake. Ita LCD, har da wadda ake kira LED, fitila ce a bayanta a kunne koyaushe, gabanta kuma yana ƙoƙarin tare hasken inda ake son duhu, dole wani ya sulale ya fito. Filasma ba ta da fitilar baya ko ɗaya, inda ake son duhu ɗakin ne kawai ba a kunna ba. Ba wai baƙin nata ya kai na OLED, sabuwar fasahar talbijin da ta zo bayanta, ba fa, a cikin duhu sosai za ka ga ɗan haske-haske kaɗan saboda tana ɗan tsikarar ɗakunan don su zauna a shirye, amma dai ta yi wa LCD na zamaninta nisa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ɗakin nan ba shi da rabin kamawa, ko ya kama ko ya mutu. To ta yaya ake samun haske-haske da duhu-duhu? Sai suka raba kowane hoto guda zuwa ƙananan gaɓoɓi na lokaci, ɗakin da ake son ya yi haske sosai a ƙyafta shi a mafi yawan gaɓoɓin, wanda ake son ya dushe a ƙyafta shi a kaɗan, ido ya haɗa lissafin da kansa. Wannan 600Hz ɗin da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwalayensu ma'anarsa kenan, gaɓa 10 sau hoto 60 a daƙiƙa, ba wai hoto 600 take nunawa ba kamar yadda wasu 'yan kasuwa ke faɗa maka suna rantsuwa.

Fasahar ma ba sabuwa ba ce. A 1964 aka ƙirƙiro ta a Jami'ar Illinois a Amurka, Donald Bitzer da Gene Slottow da ɗalibinsu Robert Willson ne suka yi ta, don wata kwamfutar koyarwa mai suna PLATO, lokacin kala ɗaya take nunawa ruwan lemo, kalar neyon tsantsa. Sai a 1992 Fujitsu na Japan suka fitar da mai cikakkiyar kala inci 21, a 1997 masu inci 42 suka shiga shaguna a kan kuɗin da ya doshi dala 15,000, wanda nake tunawa duk lokacin da na ga yaro ya manna wa tawa hannun miya. Daga baya LCD ta yi araha ta yi girma ta rage shan wuta, kasuwa ta juya, Pioneer suka haƙura a 2009 duk da filasmarsu mai suna Kuro har yau masu son hoto suna yabonta, Panasonic da Samsung da LG kuma duk suka rufe a 2014. Ma'ana duk filasmar da ka gani a kasuwa yau, komai ƙyallinta komai ledar da aka naɗe ta da ita, ta haura shekara 10 da ƙerawa.

To yanzu ga inda take ciwo. Wuta! Takardar bayan tawa an rubuta sama da wat 300, alhali LED mai girmanta da ƙyar take kai 100. Ba kullum take jan 300 ɗin ba, tunda kowane ɗaki da wutarsa, fim mai duhu yana cin kaɗan, amma ƙwallon rana mai koren fili fal ko wa'azin da aka ɗauka a gaban farin bango, nan ne mita ke gudu. Ka ƙaddara wat 300 awa 5 a rana, yunit ɗaya da rabi kenan, a wata yunit 45 a kan talbijin kaɗai, wanda ke Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, da ake sayar masa yunit sama da naira 200 ya yi lissafinsa. A ɗan ƙaramin janareta kuwa kana iya jin hoton da kunnenka, da an hasko fari sai injin ya canza murya, a koma duhu ya sauke numfashi, in ka haɗa da fanka biyu da dikoda shikenan ka kai shi bango. Maganar inbata da batir ɗaya ma kar a fara.

Wutar nan da take sha zafi take komawa. A watan Maris da Afrilu a Kano in ka ɗora hannu a samanta bayan awa biyu sai ka janye, falon ma kansa yana ƙara ɗumi ana ji. Lokacin hunturu kuma ƙura ce ke cika ramukan iskar bayanta, dole a riƙa kakkaɓewa, kuma don Allah a daina lulluɓe ta da ƙyallen ado tana kunne. Da rana in taga na fuskantarta, gilashin yana dawo maka da hoton labule da naka, ga shi dama haskenta bai kai na LED ba, in fari ya cika allo ma da kanta take rage ƙarfi don kar ta wahalar da kayan cikinta. Akwai kuma wani ɗan zzzz da take yi in ka rage murya, ni ya daina damuna, amma baƙo yana lura.

Babbar matsalar da ta sa na ce mai gidan kallo ya kiyaye ita ce tabon hoto. Hodar fosfo tana tsufa gwargwadon aikin da ta yi, ɗakin da ya daɗe yana haska abu ɗaya zai riga maƙwabtansa dushewa. Tambarin tasha a kusurwa, akwatin sakamakon wasa, layin labarai mai gudu a ƙasa, duk suna iya barin inuwa. Akwai mai wucewa, ka canza tasha ka ga fatalwar tambarin na wasu mintuna sannan ta ɓace, wannan tawa tana yi kuma ba komai ba ne. Akwai kuma na dindindin wanda ba mai gyara shi. Masu kallon tsofaffin finafinan Hausa na zamanin kaset ma su lura, hotonsu ba ya cika allo, gefe biyu baƙi, in aka daɗe a haka tsakiya ce za ta tsufa ta bar gefuna, ranar da ka saka abin da ya cika allo sai ka ga layi biyu a tsaye.

Ta taɓa mutuwa min, murya na fita hoto babu. Na kira mai gyaran unguwarmu, yana kwance bayanta ya ce "Alhaji, Y-sus ɗinka ne ya tafi", wato bod ɗin da ke tura wa layukan gaba wannan babbar wutar, shi da ɗan uwansa na ɗaya gefen su suka fi shan wahala a duk cikin talbijin ɗin. Na ce "To Injiniya, akwai sabo?" ya yi dariya ya ce sabo a ina, kamfanonin da suka daina tun tuni, sai dai a ciro daga wata matacciya. Haka aka yi, ya samo a wurin abokan sana'arsa, ya daidaita bolt ɗin da lambobin da aka rubuta a wata takarda manne a jikin gilashin, ta tashi. Shi ya ce min na sa mata sitabilaiza mai kyau, kuma kar na kuskura na sa hannu a ciki ko an zare ta daga soket, don manyan kafasitocin suna riƙe wuta.

Wanda ya ji duk wannan kuma har yanzu yana so, to ga abin da zai yi a shago. Ka tafi da filas ɗinka da hoton fari zalla da toka zalla, ja, kore, shuɗi, a saka maka ɗaya bayan ɗaya, tabo da matattun layuka ba sa ɓuya a nan, kar ka yarda da katun mai kala-kala da suke kunnawa. A bar ta a kunne ta yi zafi kana tsaye, wasu sai sun ɗumama suke fara tartsatsin jajayen ɗigo. Ka duba ko cikakken HD ce, don masu inci 42 da yawa 1024 da 768 ne kawai. Ka karanta takardar baya, wadda aka yi wa kasuwar Amurka sau da yawa bolt 120 take so, ka soka ta a namu 230 ba taransifoma ka gama da ita nan take. Wajen kai ta gida kuma a tsaye za a ɗauko ta, wani ya zauna ya riƙe, kar ɗan adaidaita ya ce maka a kwantar da ita a kan kujera ba komai, gilashi ne faffaɗa mai nauyi, rami ɗaya a titi ya ishe shi tsagewa, in ya tsage gas ya fita kuma sai dai ka sayar wa su Injiniya su ciri bod.