Abin da na tarar a wata cibiyar ba ɗalibai shawara a Kano

'Yar ƙanena da nake riƙo ta kammala ƙaramar sakandare a bana, kuma tun ranar da ta raka ni dubiya asibitin Dawanau take cewa ita likitar ƙwaƙwalwa za ta zama. Da yake ni ɗan kasuwa ne, ban san hanyar ba, sai na kai ta wata cibiya da ke kusa da titin Gidan Zu, inda ake ba ɗalibai shawara kan zaɓen darussa, ana kuma yi musu darasin share fagen jarrabawa. Kuɗin zama ɗaya bai kai na cefanen kwana biyu ba.

Malamin da ya karɓe mu bai fara da lacca ba. Ya dubi yarinyar ya ce, "'Yata, so kike ki riƙa rubuta wa marar lafiya magani, ko kuwa ki zauna da shi ku yi ta magana har ya samu sauƙi?" Ta yi shiru, ni ma na yi shiru, domin a zatona duk abu ɗaya ne. A nan ya warware mana cewa wanda ya karanci ilimin halayyar ɗan Adam, duk zurfin karatunsa, ba likita ba ne kuma ba ya rubuta magani, alhali likitan ƙwaƙwalwa cikakken likita ne da ya fara yin digirin MBBS kamar kowane likita, daga baya ya ƙware a wannan fanni. Wannan bayani kaɗai ya fanshi kuɗina, saboda na san gidajen da yaro ya cike fom ɗin JAMB bisa wannan ruɗani, bai farga ba sai da ya shiga aji biyu a jami'a.

Daga nan ya jawo farar takarda ya zana mata tsani, yana rubuta shekaru a gefen kowace matakala. Dole ta shiga ajin kimiyya tun daga shekarar farko ta babbar sakandare, ta samu kiredit a Turanci da Lissafi da Fizis da Kimistiri da Bayoloji a WAEC ko NECO, kuma ya ja mata kunne cewa jami'o'i da dama suna son a kawo su a zama ɗaya. A JAMB kuwa darussa 4 za ta rubuta, wato Turanci da Bayoloji da Kimistiri da Fizis, a kan maki 400, sannan ga tantancewar jami'a a gaba. Ya ce kada ta raina Lissafi don ba ya cikin waɗannan huɗun, domin rashin kiredit ɗinsa kaɗai ya isa ya rufe mata ƙofa. Karatun likita shekara 6 ne, kuma idan Jami'ar Bayero ta samu, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano za ta yi shekarun ƙarshe. Bayan haka akwai shekara guda ta koyon aiki a asibiti, da shekara guda ta bautar ƙasa.

Inda na ga gazawar cibiyar shi ne saman tsanin. Da muka zo kan ainihin horon ƙwarewa, wanda shi ne abin da ya kawo mu, sai malamin ya dunƙule shi cikin jimla biyu. Wani likita maƙwabcina ne ya ƙarasa mini daga baya, cewa sai an ci jarrabawar share fage ta kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma, sannan a nemi gurbi a asibitin koyarwa ko a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Barnawa a Kaduna ko na Kware a jihar Sakkwato, a ƙara wasu shekaru ana aiki ana rubuta jarrabawa. Haka nan malamin bai ambaci aikin jinyar masu taɓin hankali ba, wanda hanya ce ga wadda makinta bai kai na likitanci ba.

Wani abin da ya sosa mini rai shi ne yadda minti goma na ƙarshe suka koma tallar darasinsu na yamma, har ana miƙo mini fom tun ban tambaya ba. Na ce, "Malam, a bari mu yi shawara a gida," ya kuwa karɓa ba tare da ɓata fuska ba.

Duk mai yaro a aji uku na ƙaramar sakandare zai amfana da zuwa, amma wanda ɗansa ya riga ya shiga jami'a gara ya nemi likitan da ke cikin aikin. Takardar tsanin nan kuwa tana manne a jikin bangon ɗakinta, ta zagaye kalmar Fizis da jan biro.