Alhaji, Sukuk na gwamnati za ka saya, ka bar ta kamfani tukuna

Wa alaikumus salam Alhaji, barka da hutawa. Tsakanin Sukuk na Gwamnatin Tarayya, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, da takardar lamunin kamfanin da aka yi maka tallarta a kan kashi 21 cikin ɗari, ni dai Sukuk zan ce ka ɗauka. Kafin dokar haraji ta canza ma haka zan ce, balle yanzu.

Sukuk na farko da Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa, wato DMO, ya fitar a watan Satumban 2017 ina cikin waɗanda suka saya. Naira biliyan 100 aka nema, wa'adin shekara 7, kuɗin haya kashi 16.47 a shekara. Lokacin mutanenmu na Tsohuwar Kasuwa suna ta ce mini wa ya taɓa bai wa gwamnati bashi ya ga kuɗinsa. To na gani. Duk Maris da Satumba alat yake shigowa, kuma na Satumba yakan zo daidai lokacin da yara suke komawa makaranta, har uwargida ta riƙe watan fiye da yadda na riƙe shi. Ba a taɓa cire mini ko kwabo da sunan haraji ba. Da wa'adi ya cika a Satumban 2024 uwar kuɗin ta dawo cif, ban je ofishin kowa ba, ban roƙi kowa ba. Abin da ya ƙara kwantar mini da hankali shi ne tsarin ijara ne: kuɗinmu aka sa a hanyoyi 25 a shiyyoyi shida na ƙasar nan, gwamnati tana biyan mu haya, kuma majalisar masana shari'a ta Babban Banki ta duba shi ta amince. Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Maiduguri ya ga allunan Sukuk a gefen titi da idonsa.

Ta kamfani kuwa, na taɓa riƙe wata ta 'yan watanni. Sun biya, ba zan ɗauki alhakinsu ba. Iyakar yabon da zan yi mata ke nan.

Ga inda haraji ya shigo. Daga Janairun 2012 gwamnati ta yi wa kusan dukkan takardun lamuni afuwar haraji ta shekara 10: na tarayya, na jihohi, na kamfanoni, har da takardun baitulmali masu gajeren wa'adi. A waɗannan shekarun lissafi mai sauƙi ne, wanda ya fi ba da kaso mai yawa shi ya fi, sai dai ka duba ko zai iya biya. Afuwar ta ƙare a Janairun 2022, aka bar takardun Gwamnatin Tarayya masu dogon wa'adi a cikin inuwa, sauran aka fito da su rana. Kamfanoni masu zuba jari su suka fara jin zafin. Mu ɗaiɗaikun mutane bai taɓa mu sosai ba sai a ƙarshen 2025, lokacin da hukumar haraji ta tarayya ta umurci bankuna da dillalai su riƙa cire kashi 10 daga ribar takardun baitulmali da takardun kamfanoni tun kafin kuɗin ya iso hannun mai shi. A sanarwar ta faɗa ƙarara cewa takardun lamunin Gwamnatin Tarayya ba sa ciki. Sai kuma sabbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, suka fara aiki 1 ga Janairun 2026, har sunan hukumar harajin ya koma NRS daga FIRS.

Yanzu ɗauki biro, Alhaji. Miliyan ɗaya a takardar da aka kawo maka, kashi 21, ribar shekara naira 210,000. A cire kashi 10, wato 21,000, saura 189,000 ke shiga aljihunka. Miliyan ɗaya a Sukuk na watan Mayun 2025, wanda aka sayar a kan kashi 19.75, hayarsa naira 197,500 kuma duk taka ce. Ka ga wanda ya fi ƙanƙanta a takarda shi ya fi girma a hannu. Kafin kamfani ya yi kunnen doki da wannan Sukuk sai ya ba da kusan kashi 22, kuma a nan kunnen doki kawai ya yi, bai biya ka ladan kasadar da ka ɗauka a kansa ba. Kai da ka yi shekaru kana lodin albasa zuwa kudu ka fi ni sanin cewa kuɗin buhu a bakin dillali daban, abin da ya rage bayan la'ada da dako da kuɗin mota daban. Hanyar lissafin ita ce duk kason da kamfani ya faɗa maka, ka cire kashi ɗaya cikin goma nasa, sannan ka jera shi da na gwamnati.

Kasadar kuma ba ƙarama ba ce. Kamfanin da ya ci bashi a kan kashi ashirin da wani abu, sai ya ci ribar da ta fi haka kafin ya biya ka, ga tsadar dala, ga dizal, ga wutar da ba ta tsayawa. Idan ya durƙushe, inshorar NDIC, hukumar da ke kare kuɗin masu ajiya, ba ta rufe ka, domin ita ajiyar banki take karewa, har zuwa naira miliyan 5 a bankunan kasuwanci. Sai ka bi layin masu bin bashi. Gwamnati kuwa bashin naira ne a kanta, kuma ita ce ta fi kowa buƙatar a ci gaba da ba ta rance. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake ganin ba za ta yi saurin ɗora wa takardunta haraji ba: duk abin da ta karɓa ta hannun dama sai ta mayar da shi ta hagu, domin masu saye za su nemi kaso mafi tsoka. Ra'ayina ne wannan, doka kuma majalisa ke yin ta, tana iya taɓa ta gobe.

Akwai kuma maganar da ta fi haraji nauyi a wajen irinmu. Yawancin takardun kamfanoni bashi ne da ruwa, tsagwaronsa. Ban san yadda aka yi maka bayanin taka ba, amma ka tambaya kafin komai. Akwai kamfanoni da bankunan Musulunci da suka fitar da nasu Sukuk, wannan ya warware matsalar kuɗin ruwa, amma bai mayar da su gwamnati ba. Haraji da kasadar kamfani suna nan sai ka lissafa su.

Kada in ɓoye maka aibin abin da nake yabo. Sukuk ba ya bin hauhawar farashi. Waɗanda suka sayi na Yunin 2020 a kan kashi 11.2 sun zauna suna karɓar wannan kason alhali tsadar kaya ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. Kuɗinsu bai ɓata ba, amma buhun geron da yake saye ya ragu ƙwarai. Sannan kashi 19.75 ɗin nan na wanda ya saya ranar fitarwa ne. An nemi biliyan 300, mutane suka kawo sama da tiriliyan 2, ka ga yadda ake rububinsa. Idan yau za ka saya daga hannun wani a kasuwar hannun jari, farashin ranar za ka biya, kuma in ya haura kuɗin asali to ribarka ta yi ƙasa da wancan kaso. Ka sa dillali ya rubuta maka abin da za ka samu a kan farashin yau, shi za ka gwada da na kamfanin. Haka in ka matsu ka sayar kafin wa'adi, kasuwa ce za ta yanka maka farashi. Saboda haka kuɗin sarin albasa na kaka kada ya shiga nan ko kaɗan.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma sai na faɗa. Tun da aka fara maganar sabon haraji wasu matasa suke yawo a garin nan da jaka da takardu masu sheƙi, suna cewa nasu jarin "babu haraji, babu kuɗin ruwa, halal ne zalla", kashi kaza duk wata. Duk wanda ya ce maka takardar kamfani ba ta da haraji yanzu, ko dai bai san aikinsa ba ko yana so ya cuce ka. Wanda kuma ya yi maka lissafi da wata maimakon shekara, ka tashi ka ba shi wuri. Mun ga MMM a 2016, mun ga CBEX a Afrilun 2025, duk tsare-tsaren damfara da suka rushe da kuɗin mutane, kuma dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri ga masu irin wannan harka, amma ɗaurinsu ba ya dawo da kuɗin kowa. Sukuk na gaskiya DMO ke sanar da shi a fili, ana sayensa ta banki ko dillalin da ke da rajista da SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari, mafi ƙanƙantarsa naira 10,000, kuma kuɗin ba ya shiga asusun wani mutum da sunansa. Ka buɗe asusun CSCS, inda ake ajiye bayanan takardun jari, da sunanka domin ka riƙa ganin abin da ka mallaka.

Idan har ranka ya kafe a kan ta kamfanin, to kada ta wuce ɗan abin da in ya maƙale ba zai hana ka barci ba. Ka nemi matsayin da masu auna ƙarfin biyan bashi, Agusto ko GCR ko DataPro, suka ba kamfanin, ka nemi shaidar amincewar SEC ko rajistar FMDQ, kasuwar da ake cinikin takardun bashi, kuma su rubuta maka abin da zai shigo asusunka bayan an cire haraji, da lambobi. In da sunan kamfaninka za ka saya ba da sunanka ba, zauna da akantanka tukuna, domin kashi 10 ɗin nan somin-taɓi ne a lissafin harajin kamfani. Sauran kuɗin, wanda ka tabbata ba za ka nema ba nan da shekaru, ka je reshen bankinka ka ce su sanar da kai da zarar DMO ta buɗe sabon Sukuk, domin 'yan kwanaki kaɗan ake bayarwa a rufe. Allah Ya sa albarka a dukiya, a gaishe da iyali.