Burodin acha da garin tuwon da nake saye a Jos tun da aka raba ni da alkama

Akwai wata baiwar Allah a ɓangaren Bukuru da ke yin burodin acha da garin acha a gidanta. Ana yi mata oda ta WhatsApp, ta aiko da mai Keke cikin gari. Na jima ina saye a hannunta, kuma waɗanda suka san larurata suna yawan tambayata ko kayan sun ci kuɗinsu. Sun ci, amma ba daɗin burodin ne babban dalilina ba, kuma akwai abubuwan da har yau ban gamsu da su ba.

Sai da na haura arba'in aka gano ina da cutar siliyak. Kafin nan na sha fama da kumburin ciki, gudawa mai zuwa ta tafi, kasala, da ƙarancin jinin da ƙwayoyin ƙarin jini suka kasa ɗagawa. Kowa olsa yake cewa, ni ma maganin olsa nake ta sha. Wani likitan ciki ne ya tura ni gwajin jini mai suna tTG-IgA, daga baya aka zura min kyamara ta baki aka tsinko ɗan naman ƙaramin hanji aka duba. Ya yi min bayani cewa gulutin wani furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir. Idan mai siliyak ya ci, garkuwar jikinsa sai ta far wa bangon hanjinsa. Bangon nan yana da ƴan tsirai kamar gashin tawul, su ke tsotse amfanin abinci, to su ne ke gogewa, mutum ya yi ta ci jiki bai amfana ba. Ana kiyasin kusan mutum 1 cikin 100 a duniya na da cutar, kuma babu maganinta sai barin gulutin har ƙarshen rayuwa. Akwai kuma waɗanda alkama ke wahalar da su ba tare da hanjinsu ya lalace ba. Duk wanda ke zargin kansa, don Allah kada ya daina cin alkama kafin a yi masa gwaji, domin idan ya daina, gwajin na iya nuna lafiya lau alhali cutar na nan.

Ranar da na zauna na lissafa abin da zan bari, jikina ya yi sanyi. Burodi, gurasa, fanke, cincin, alkaki, funkaso, taliya, kuskus, tuwon semo, har lemon malt saboda sha'ir. Tuwon masara da na dawa da na shinkafa suna nan, fura na nan, dankalin Bokkos na nan, gwate na nan, alhamdulillahi. Amma wanda ya tashi a Jos ya san matsayin shayi da burodi a safiyar hunturu. Shi na fi kewa, shi ya sa na fara neman wannan mata.

Burodinta ƙarami ne, mai nauyi a hannu, launinsa ya ɗan yi duhu. Ta ce min tana haɗa garin acha da na shinkafa da sitacin rogo da ƙwai da yis. Ba ya tashi kamar na fulawa, kuma ba laifinta ba ne: gulutin ne ke ba ƙullu danƙon da ke riƙe iskar yis, idan babu shi dole burodi ya zauna. Idan ka yanka shi da ɗuminsa yana da laushi da ƙamshin acha mai daɗi, sai dai gefensa na marmashewa, ba ka iya naɗe ƙwai a ciki, kuma in ka tsoma shi a shayi ka ɗan yi jinkiri, rabinsa zai zauna a gindin kofi. Washegari ya bushe. Dabarar da ta fi min ita ce in yayyanka shi ranar da ya iso, in ɗan gasa a kasko da man shanu har bayansa ya yi ja. A haka ya fi kowane hali daɗi, har yarana na miƙo hannu. Ajiya a firiza tana taimakawa, in wuta ta tsaya.

Garin achar kam babu abin cewa. Duk wadda ta taɓa wanke acha ta san wahalar rairaye yashi daga ƙwayar da ita kanta ba ta fi yashin girma ba. A garin achar nan ban taɓa tauna tsakuwa ba. Tuwonsa na yin sulɓi, yana tafiya da miyar kuka ko kuɓewa, kununsa kuma ba ya gudaji. Achar ma ta ƙasarmu ce, manoman Filato sun gaje ta kaka da kakanni, sai ga shi abin da muke gani a kwano a kasuwa muna wucewa shi ne yau ya riƙe ni.

Abin da nake biyan kuɗinsa da gaske shi ne injinta. Kafin in san ta, acha nake sayowa a kasuwa, a wanke, a shanya, a kai injin unguwa. Ciwon ya ƙi barina, na rasa dalili, sai wata rana na tsaya a bakin injin na ga wanda ke gabanmu alkama ya kawo, ta tuwon masu ciwon suga. Aka gama tasa, aka juye tamu a kai, ko kaɗe injin ba a yi ba. Ƙa'idar da duniya ke bi ita ce abincin da za a kira marar gulutin kada ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya. Ragowar garin da ya maƙale a cikin inji ya isa ya tsallake wannan. Haka ma man da aka soya fanke aka soya ƙosai a ciki, da ɗanwaken da aka sa wa fulawa don ya yi danƙo, da wainar da wasu ke ƙara mata fulawa a ƙullu.

Da na tambaye ta ina take niƙa, ba ta ji haushi ba. Cewa ta yi, "Malam, ka zo ka gani da idonka, hankalinka zai fi kwanciya." Na je. Ɗan ƙaramin inji ne a ɗaki na musamman, da buhunan acha da shinkafa a kan katako, faranti da rariya da muciya duk nasu daban. Ta ce min ƴarta ma ba ta cin alkama, shi ya sa fulawa ba ta shiga ɗakin. Tun da na koma kayanta kumburin ya lafa, kuma gwajin jinin da na sake yi ya nuna sauƙi sosai.

Inda na ke da ƙorafi shi ne leda da takardar jikinta. Sunan kaya kawai aka buga da lambar waya. Babu jerin abin da aka haɗa, babu ranar da aka yi, babu lambar NAFDAC, kuma ba a taɓa kai garin ɗakin gwaji an auna ba. Ni na je na gani, amma wanda ke Abuja aka aika masa ta mota da me zai dogara? Akwai lokacin da ta ƙara garin gyaɗa a burodin ba ta sanar ba. Ni bai dame ni ba, amma akwai masu rashin jituwa da gyaɗa da hakan zai iya kai su asibiti. Na gaya mata, ta karɓa da kyau, ta ce, "Ka yi gaskiya Malam, zan gyara." Ta daina sa gyaɗar, takardar dai har yanzu ba ta canza ba. Kuɗin ma ba wasa ba ne, burodin ya kai ninki uku na wanda ake sayarwa a shago, ga kuɗin mai Keke, ga jinkiri ranar da aka yi ruwa.

Wanda ba shi da wata larura, yana son ya gwada ne kawai, garin ya saya, burodin ba lallai ya burge shi ba. Mai siliyak kuwa ina ba shi shawarar duka biyun, da sharaɗin ya tambayi abin da aka haɗa a kowace oda, in da hali kuma ya je ya duba wurin da kansa. Ni yanzu garin nake ɗauka da yawa a farkon wata, burodin kuma sai na ranar Juma'a da Asabar da muke karyawa tare da yara.