Ajin rubuta labari da "kai" da "ke" a Tudun Wada

Wani malamin Hausa ne yake gudanar da wannan aji a ƙarshen mako a Tudun Wada, Kaduna, kan rubuta gajeren labari da muryar mutum na biyu, wato a ce "ka shiga kasuwa, ka tsaya gaban mai goro" maimakon "ya shiga". Zama huɗu ne, kowanne awa biyu, kuma kowa yana karanta aikinsa a fili.

Zama na biyu shi ne ya fi amfani a ajin. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka "ka tashi" kan takarda na iya zama abin da ya riga ya faru, na iya zama umarni. Maganin da malamin yake bayarwa mai sauƙi ne: a fara rubuta sakin layin da mace, domin "kin tashi", "ki tashi" da "kika tashi" ba sa rikicewa, sannan a mayar da shi namiji, a ƙara "jiya" ko "da asuba" duk inda ma'ana ta yi rawa. Yana kuma hana amfani da "ku", kuma da gaskiyarsa, nan da nan labari yake komawa wa'azi.

Raunin ajin shi ne tattaunawa tsakanin mutanen labari. Idan wani a cikin labarin ya ce wa wani "kai", mai karatu yakan ɓace, an kuwa wuce wannan da gaggawa. Gyaran aikin gida ta WhatsApp ma yakan makara. Ajin ya dace da mai labari na shafi uku ko huɗu. Mai dogon littafi zai fita da sauran tambayoyi.